Amsa ga mai tambaya kan tuba da ranar shari'a

Ɗan'uwa, sannu da wannan zafi na Sakkwato. Ka ce shekaru kana tauye mudu a kasuwa, yanzu ka tuba, amma tsoron ranar shari'a ya hana ka barci, ko Allah zai karɓe ka?

Duba Ezekiyel 33:11. Ubangiji ya ce ba ya jin daɗin mutuwar mugu, abin da yake so shi ne mugun ya juyo ya rayu. Wannan ƙofa a buɗe take.

Sai dai a ganina labarin wani mutum mai suna Zakka ya fi dacewa da halinka, Luka 19. Shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, hannunsa ba tsabta. Da Yesu ya sauka gidansa, bai tsaya ga kuka ba, ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Nan ne da yawanmu muke nokewa, har da ni.

Waɗanda ka tuna da su, neme su ka biya. Waɗanda suka ɓace maka, zauna da fastonku ku ga yadda haƙƙin zai kai ga gwauraye da marayu. Tsohon mudun nan kuwa, kar ya sake kwana a rumfarka.