Yarona ya kwana biyu yana kuka bayan ɗori, surukata ta ce alamar kamawa ce

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗana mai shekara 7 ya faɗo daga katanga ya dafa ƙasa da hannu, gwiwar hannun ta kumbura. Kakansa ya kai shi wurin mai ɗori, aka ja hannun aka ɗaure da kara da tsumma. Yau kwana biyu ba ya barci, yatsun sun kumbura, ya ce ba ya jin su sosai. Surukata ta ce zafin alama ce ɗori yana kamawa, kuma in aka je asibiti yanke hannun za a yi. Hankalina a tashe yake. Daga wata uwa a Kurna, Kano.

Amsa: Malama, ki kwance ɗaurin nan yanzu, kafin ki ƙarasa karanta amsata. Kada ki miƙar da hannun, kada a shafa masa komai, ki tallafe shi da mayafi yadda yake, ku nufi sashen gaggawa na Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko da tsakar dare ne. Kada ki ba shi abinci a hanya, domin mai yiwuwa a shiga da shi tiyata.

Yadda kika kwatanta faɗuwar, na fi zaton ƙashin damtse ne ya karye dab da gwiwar hannu. Wurin siriri ne a jikin yara, kuma babbar jijiyar da ke kai jini hannu ta gabansa take wucewa. Hoto ne zai tabbatar.

Maganar "zafi alamar kamawa ce" kuwa, wallahi babu ranar da ba na jin ta, kuma ta nakasa yara da yawa a garin nan. Karayar da aka tsayar da ita daidai, ciwonta raguwa yake yi kullum. Wanda ke ƙaruwa har ya hana yaro barci, jini ne ya kasa wucewa. Bayan karaya nama yakan yi ta kumbura kwana biyu zuwa uku. Tsokar hannu kuma a cikin wata fata mai tauri take, wadda ba ta buɗewa. Kumburi na turowa daga ciki, kara da tsumma sun matse daga waje, sai ƙananan hanyoyin jini su toshe. Tsokar da jini ya yanke mata gaba ɗaya, cikin awa 6 ko kusa da haka take fara mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Mai sa'a hannun ya shanye, yatsu su ƙandare kamar ƙafar kaza har ƙarshen rayuwarsa. Marar sa'a hannun ya yi baƙi ya ruɓe.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne daga baya kukan yakan tsaya, gida kowa ya ce alhamdulillahi, ɗori ya kama. Jijiyoyin da ke jin ciwon ne suka mutu. Sai an ji wari sannan a ɗauko yaron a adaidaita sahu, bayan mako guda ko biyu, lokacin da ba abin da ya rage illa a cire hannun don guba kada ta shiga jini ta kashe shi. Daga nan sai labari ya zaga unguwa cewa asibiti yankewa suke yi. Wanda ya ɗaure hannun ba wanda zai tambaye shi, gobe ma layi ne a ƙofar gidansa. Ina girmama dattawanmu, na san kakansa da surukarki ƙauna ce ta sa su, amma gadon sana'a ba ya sa mutum ya ga cikin nama. Mu ma da muke sa filasta, a kwanakin farko rabi muke sawa mu bar wa kumburi wuri, kuma mu ce in ciwo ya ƙaru a dawo ko ƙarfe nawa ne.

Ki gwada miƙar masa da yatsa ɗaya a hankali. In ya ƙwalla ƙara, alamar haɗari ce babba. Ɗumin yatsu ko jin bugun jini a wuyan hannu kada ya ruɗe ki, ana iya jin su alhali tsoka tana mutuwa.

Idan kun isa, ki faɗa wa likita gaskiya: ranar da ya faɗi, da lokacin da aka ɗaure, da abin da aka shafa. Ba faɗa za a yi miki ba. Idan matsin ya yi yawa, za a tsaga fatar a sassauta wa tsoka. Ƙashin kuma yawanci ana mayar da shi ne bayan an sa yaro barci, a riƙe shi da siraran ƙarafuna da ake zarewa bayan mako 3 zuwa 4. Ki kira mahaifinsa ya same ku a can, domin za a buƙaci sa hannun iyaye kafin tiyata. Allah Ya ba shi lafiya.