Amsar Kawu a kan ƙirgar sak

Ɗana,

Saƙonka ya iso, kuma sai da na yi dariya har gwaggonka ta leƙo ta ga ko lafiya. Ina zaune ina jiran ranar da za ka tambaye ni yadda ake kai gaisuwar surukai, sai ga shi tambayar al'ada ta farko da ka kawo mini ta ƙwallon Amurka ce. Ka ce: "Kawu, ku da kuka zauna a can, ba al'adarsu ba ce wanda ya fi kowa kayar da kwatabak, wato mai jefa ƙwallo na masu kai hari, shi ne gwarzo? T.J. Watt na Pittsburgh ya yi sak 19 a kakar 2023, wato sau 19 yana kayar da kwatabak kafin ya jefa ƙwallo, Myles Garrett na Cleveland ya yi 14, amma Garrett aka ba kambun gwarzon mai tsaro. Wannan ba zalunci ba ne?"

Dariyar ba ta daɗe ba, don na duba lokacin da ka turo saƙon na ga tsakar dare ne sosai. Na san wasanninsu na dare sai bayan ƙarfe 1 suke farawa a agogon Kano. Na kuma ga inda ka rubuta "na yi asara". Za mu zo kan wannan.

Al'adar da kake magana a kanta ba tsohuwa ba ce kamar yadda kake zato. Sai a 1982 hukumar NFL, mai shirya babbar gasar wasan, ta fara rubuta wa kowane ɗan wasa adadin sak ɗinsa. Deacon Jones, mai tsaron da ya yi suna wajen kayar da kwatabak, wanda tsofaffin can suke kiran sunansa da girmamawa, ya gama wasansa kaf ba a rubuta masa ko ɗaya a littafin hukuma ba, kuma babu wanda ya taɓa shakkar ko shi wane ne. Ni na girmi wannan ƙirgar nesa ba kusa ba.

Lokacin da na je ƙaro karatun noma a jihar Kansas, ban san komai a wasan ba. Abin da ya ja mu, mu 'yan Najeriya, shi ne Christian Okoye, haifaffen Inugu, wanda yake ɗaukar ƙwallo wa Kansas City Chiefs. A 1989 ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar, yadi 1,480. Duk inda ka ce daga Najeriya kake, sai fuskar Bature ta washe, ya kira sunan Okoye. Akwai wani dattijo mai kula da gonar gwaji inda nake aiki, ya taɓa koyar da yaran sakandare wasan. Shi ya ce ba zan bar ƙasar ba sai na ga Okoye da idona. Ya sama mana tikiti na ranar Lahadi 11 ga Nuwamba 1990, Chiefs da Seattle Seahawks, a filin Arrowhead.

Mun yi sammako a tsohuwar akori-kurarsa. Tun daga wurin ajiye motoci hayaƙin gashin nama ya turnuƙe, kowa ya buɗe bayan motarsa ya kafa tukuba. Ni dai burodi da dafaffen ƙwai na ƙunso, saboda ban san naman me ake gasawa ba. Cikin fili kuwa ja ne ko'ina, riga ja, hula ja, kuma ƙarar mutanen nan idan abokan gaba suna riƙe da ƙwallo, a ƙirji kake jin ta. Ina ta miƙa wuya ina neman Okoye, dattijon nan ya kama hannuna ya ce in daina bin ƙwallo da ido. Ya ce idan Seattle suka karɓi ƙwallo, in kafa ido a kan mai lamba 58, sannan lokaci-lokaci in waiwayi mai lamba 90 a ɗaya gefen.

Mai lamba 58 shi ne Derrick Thomas, yaro ɗan shekara 23, a kakarsa ta biyu. Ranar ita ce ranar tunawa da tsofaffin sojoji a Amurka, shi kuma mahaifinsa matuƙin jirgin yaƙi ne da aka harbo a Biyetnam a 1972, yana ɗan ƙaramin yaro. Dattijon ya gaya mini haka a kunne kafin a fara.

Ɗana, ban taɓa ganin mutum ya zabura irin haka ba. Kafin ƙaton da aka sa ya tare shi ya gama ɗaga ƙafa, ya riga ya kai kafaɗarsa. Sai ya sunkuya, jikinsa ya kwanta har kamar hannunsa zai taɓa ƙasa, ya yanko kwana ya faɗa wa Dave Krieg, kwatabak ɗin Seattle, ta baya. Kuma ba riƙe mutum kawai yake yi ba, hannun da ke riƙe da ƙwallo yake sara. A ɗaya daga ciki ƙwallon ta suɓuce wa Krieg, Dan Saleaumua na Chiefs ya danne ta a cikin gidan Seattle. Wannan shi ne kaɗai tacdaun, wato cin maki ta riƙe ƙwallo a cikin gidan abokan gaba, da Chiefs suka samu a ranar, sauran makinsu duk bugun ƙafa ne. Don haka kar wani ya ce maka sak ba komai ba ne. Na ga sak ya ci wa ƙungiya abin da masu kai harinta suka kasa ci.

Aka yi na huɗu, aka yi na biyar. Mutanen da ke kewaye da mu suka koma ƙirgawa da yatsu, suna ɗaga hannu sama. Da ya yi na bakwai, wani ƙato da ban taɓa gani ba ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Kafin ranar, shida ne iyaka a wasa ɗaya, na Fred Dean a 1983. Amma duk lokacin da na waiwayi mai lamba 90, wato Neil Smith, sai in ga yana ta fama a nasa gefen, ya toshe hanyar da Krieg zai bi ya tsere. Na tsakiya kuma suna turo bango gaba, ba wurin da mutum zai taka ya matsa. Dattijon yana ta nuna mini su da ɗan yatsa, ba ya cewa komai.

Chiefs suna gaba 16 da 10. Saura 'yan daƙiƙoƙi a tashi, Seattle sun kawo ƙwallo yadi 25 daga gida, dama ɗaya ta rage musu. Aka tashi, sai ga Thomas ya sake kutsowa. Wallahi na ga hannuwansa a ƙugun Krieg. Fili ya ɗauki sowa, mun ɗauka na takwas ya tabbata kuma wasa ya ƙare. Krieg ya murɗe jiki ya zame, ya daidaita, ya wurga ƙwallo tsakiyar gida, Paul Skansi na Seattle ya cafe. Suka buga ta ƙari, 17 da 16. Mutum dubbai suka yi tsit, har kana jin ihun 'yan wasan Seattle daga can ƙasa. Daga baya Thomas da bakinsa ya ce wanda ya kuɓuce masa ɗin nan shi zai fi tunawa. Ya gama kakar da sak 20, ya fi kowa. Ya rasu a 2000 bayan haɗarin mota, yana da shekara 33.

A hanyar komawa ba wanda ya yi magana a cikinmu, ni kuma kakanka nake tunawa, Allah ya jiƙansa. Ba ka riske shi da ƙarfinsa ba. Idan an gama girbi aka buga gangar farauta, shi ake kai wa ƙara idan rigima ta tashi a kan nama. Kullum sai ka ga saurayi ya taho da zomo a rataye yana taƙama, wasu biyu suna biye da shi suna kumfar baki. Kakanka ba ya fara duban mai rataye. Sai ya ce, "Wa ya tashe shi daga kwance? Karen wa ya juyo shi? Wa ya tsaya a bakin rami?" Sai ya gama jin wannan kafin ya raba. Yakan ce mana, "Na ƙarshe shi ake gani, amma ba shi kaɗai ya yi gumi ba." Duk da haka bai taɓa hana mai jifa rabonsa mai tsoka ba. Yana cewa da yawa sukan sami zomo a gabansu su yi kuskure, wanda hannunsa ba ya rawa a lokacin jifa a ba shi girmansa.

To ka lissafa da kanka. Ɗan wasan da ake sa wa a kai a kai yakan zabura neman kwatabak fiye da sau 400 a kaka ɗaya. Idan ya yi sak 15, sauran fa? A cikinsu akwai inda ya sa aka wurga ƙwallo da gaggawa ta faɗa hannun abokin wasansa, akwai inda aka riƙe shi alƙali ya jefa tuta aka mayar da su baya yadi 10, akwai inda aka sa mutum biyu a kansa na gefensa ya wuce salin-alin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Babu ɗaya daga waɗannan da ke shiga lambar da kake kallo. Akwai kuma sak ɗin da tsuntsu ne daga sama gasasshe: masu tsaron baya sun rufe kowa, kwatabak ya rasa wanda zai jefa wa, ya yi ta kewaye har ya faɗo hannunka.

Shi kansa kwatabak ɗin yana da nasa kason. Dan Marino a 1988 ya yi jifa sama da 600, sau 6 kacal aka kayar da shi, saboda ƙwallo ba ta daɗewa a hannunsa. David Carr a 2002 sau 76. Wanda jadawali ya haɗa shi da irin Carr da wanda ya haɗa shi da irin Marino, ai ba gona ɗaya suka noma ba. Ka tambayi mutanen Atlanta labarin Vic Beasley: sak 15.5 a 2016, ya fi kowa a gasar, shekara biyu da suka biyo baya 5 da 5. Ko ranar da Michael Strahan ya kai 22.5 a wasan ƙarshe na kakar 2001, inda kwatabak Brett Favre ya zube a gabansa kamar da gangan, Strahan ya shafe 22 ɗin Mark Gastineau na 1984. Har yau ana musu a kai, amma a littafi darajarsa ɗaya da sak ɗin da ya ci kofi.

Game da mutanenka biyu, 'yan jarida 50 da suka kaɗa ƙuri'a sun dubi yadda kowace ƙungiya take tsara wasanta don gudun Garrett, da yadda tsaron Cleveland ya fi na kowa hana yadi a shekarar. Ni ba zan kira shi zalunci ba. Amma ba zan raina Watt ba. Mutumin da ya fi kowa sak a 2020 da 2021 da 2023, wannan ba sa'a ba ce. Sa'a ba ta zuwa gida ɗaya sau uku a shekara huɗu. Shi irin mai jifan nan ne da hannunsa ba ya rawa. Da an ba shi ba zan ce uffan ba.

Abin da ke damuna da ku yaran yanzu shi ne ba kwa kallon wasa, allon lamba kuke kallo. Ko an kunna wasan, idonku na kan waya. Sai guntun bidiyo na daƙiƙa goma, mutum ya kayar da wani ya tashi yana rawa, alhali ana cin ƙungiyarsa da maki 20. A zamaninmu ma akwai masu rawar, Gastineau ya yi suna a kai, amma dattawan wasan ba sa yaba masa. Kuma yanzu akwai masu ƙirga matsin lamba da saurin kuɓucewa daga mai tarewa, sun fi tsohuwar ƙirga kusa da gaskiya, sai dai na ga kun mayar da su abin jifan juna a gardama, ba tare da kun zauna kun ga ko wasa ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Gani ya kori ji. Ka zaɓi wasa ɗaya na Cleveland da ɗaya na Pittsburgh, ka ajiye waya, ka manta da ƙwallo, ka bi Garrett mai lamba 95 a wancan, Watt mai lamba 90 a wannan. Ka lura sau nawa ake ƙara mutum a kansu, da abin da suke yi a yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba masu kai hari, idan wasa ya yi zafi. Sannan ka rubuto mini abin da ka gani.

Yanzu maganar asara. Idan asarar musu ce da abokai, to babu komai, gobe ma rana ce. Idan kuwa kuɗi ka sa a waɗannan manhajojin, sunansa caca, ko da wane irin suna suka yi masa ado, kuma ka san hukuncinta ba sai na karanta maka aya ba. Na ga Krieg ya zame daga hannun da ya kayar da shi sau bakwai a yini ɗaya. A kan irin wannan za ka ɗora kuɗin da mahaifiyarka take tarawa da ƙyar? Ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba idan ka kira ni da bakinka kafin Juma'a. Wasan dare kuma ka bar shi, ana maimaita shi da rana, sallar asuba ce ba a maimaita lokacinta.

Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafar da ta aiko ya iso. Idan za ka zo hutu ka taho da kwamfutarka, an ce ana samun tsofaffin wasanni a intanet, ina so ka nemo mini na Seattle ɗin nan in nuna maka inda Neil Smith yake tsayawa.

Kawunka