Hoton sabuwar waya ya fita kafin lokaci: in karyar da kayana ko in jira?

Wani ɗan kasuwa ya aiko min da wannan tambaya: "Malam, waya da kayan waya nake sayarwa, sari da ɗaiɗai. Mako uku ke nan hotunan wata sabuwar waya suna yawo a intanet, kamfanin kuwa bai ce uffan ba. Masu saye sun fara cewa bari su jira sabuwa. Wani abokin sana'ata ya ce ai kamfanin ne da kansa yake sakin hotunan, don haka gaskiya ne, har ya ba da odar rigunan waya a kan girman da aka gani. Ni kuma ina da tsohon samfuri guda 40 a ƙasa, rabinsu bashin dila ne. In karyar da su? In bi sahunsa a kan rigunan?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Abokinka ya haɗa magana biyu ya ɗaure su da igiya ɗaya. Ta farko, kamfani ne ya saki hoton da gangan. Ta biyu, tunda shi ya saki, abin da aka gani shi zai fito. Ta farkon tana iya zama gaskiya ba tare da ta biyun ta zama ba, kuma kuɗinka a kan ta biyun zai hau.

Kamfanoni suna sakin labari da gangan, wannan ba zargi ba ne kawai. A watan Janairun 2010 wani tsohon manajan tallace-tallace na Apple, John Martellaro, ya rubuta yadda ake yi a zamanin da yake can. Wani babba zai kira ka ya ce akwai maganar da ake so ta fita, ka nemi ɗan jaridar da ka yarda da shi, ka sako ta a tsakiyar hira. Baki da baki ko ta waya, ba a rubuce ba, don kada a bar sawu. Ya kuma faɗi abin da ake nema da hakan: a zaburar da abokin hulɗar da yake jan ƙafa, a rikita abokin hamayya, ko a jefa wani farashi a ga yadda mutane za su karɓe shi. A daidai wannan lokaci jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa allon kwamfutar da Apple zai fitar zai kai wajen dala 1,000. Ranar 27 ga Janairu Steve Jobs ya fito da iPad, ya ce daga dala 499 ya fara. Wanda ya shafe makonni yana jin dubu, da ya ji ɗari biyar ba ɗaya sai ya ga kamar kyauta aka ba shi. To ka duba da kyau: in ma da gangan aka saki wancan farashin, ba a sake shi don ya zama gaskiya ba, an sake shi ne don ya yi aiki a zukatan mutane. Ɗan kasuwar da ya gina lissafinsa a kan dala dubu, da shi aka yi aikin.

Wani lokaci ma ba a ɓoyewa. A watan Yunin 2019, da hotunan Pixel 4 suka cika gari, Google da kansa ya ɗora hoton bayan wayar a Twitter, wata huɗu kafin bikin ƙaddamarwa na Oktoba. Manyan jami'an kamfanonin wayar Sin kuwa sun mayar da abin al'ada, yau a nuna kyamara a shafin sada zumunta na Weibo, gobe a faɗi ƙarfin batir, har ranar biki ta zo ba sauran abin faɗa sai farashi.

Amma ba duk ruwan da ya tsiyaya ba ne aka huda tulunsa da niyya. Labarin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na iPhone 4. A 2010 wani injiniyan Apple ya manta da wayar gwaji a wata mashaya da ke Redwood City a jihar Kalifoniya. An sa mata riga ta musamman don ta yi kama da tsohuwar iPhone 3GS, kai ka ce wayar kowa ce aka bari a kan kujera. Wanda ya tsinta ya sayar wa shafin Gizmodo a kan dala 5,000, suka cire rigar, suka kwance ta, suka nuna wa duniya cikinta a watan Afrilu. Nan take mutane suka ce shiri ne. Sai dai abin da ya biyo baya bai yi kama da shiri ba: Apple ya rubuta takardar neman kayansa, 'yan sanda suka shiga gidan editan shafin suka kwashe kwamfutocinsa. Mai shirin talla ba ya aika 'yan sanda gidan wanda ya yi masa tallan. A 2018 kuma Apple ya raba wa ma'aikatansa takardar gargaɗi cewa a shekarar 2017 kaɗai ya kama masu kwarmato 29, an tsare 12 daga cikinsu. Abin dariyar, ita kanta takardar gargaɗin kwarmata ta aka yi wa kafar labarai ta Bloomberg.

Dalilin wannan tsananin shi ne abin da kake fama da shi yanzu a gaban kantarka. Da zarar mai saye ya ji sabuwa na tafe, sai ya mayar da kuɗinsa aljihu. Masana kasuwanci ma suna da suna ga wannan ciwo, sunan Adam Osborne suka ba shi, wanda kamfaninsa ya yi kasuwa sosai da kwamfutar ɗauka a hannu daga 1981. A 1983 ya fara zuga sababbin samfuran da ba su gama shiri ba, dillalai suka soke odar tsohuwar, kaya suka yi kwantai, kafin ƙarshen shekara kamfanin ya durƙushe. Akwai masu cewa hamayyar kwamfutar kamfanin Kaypro, mai rahusa da babban allo, ita ta fi kashe shi, kuma da gaskiyarsu. Amma darasin ya zauna a kan manyan kamfanoni: kwarmato yana cin cinikin yau. Shi ya sa in sun saki abu da gangan, sukan saki ɗan abin da zai hana ka sayen wayar abokin hamayya, ba wanda zai hana ka sayen tasu ba.

Galibin hotunan da kake gani kuwa ba daga ofishin talla suke fitowa ba. Waya ɗaya tana bi ta hannun dubban mutane kafin ta iso kanti: masu zuba gangar jiki, masu yanka gilashi, masu haɗawa a manyan masana'antu irin na Foxconn da ke Zhengzhou, masu buga kwali, kamfanonin sadarwa masu gwaji, da hukumomin ba da lasisi irin su FCC a Amurka da TENAA a Sin, waɗanda suke wallafa bayanan abin da aka kawo musu. Zancen da ya shiga kunne dubu ba ya kwana a ɗaki.

Yanzu ga rigunan da abokinka ya ba da oda. A 2011 an cika intanet da zanen wata iPhone 5 siririya, mai kauri a sama tana tsukewa a ƙasa. Wani kamfanin riguna a Amurka, Hard Candy, ya zuba dala 50,000 a mazuban ƙarfe a kan wannan zane, don ya riga kowa shiga kasuwa. Ranar 4 ga Oktoba Apple ya fito da iPhone 4S, siffarta sak ta tsohuwar. Mazubi ya tashi a banza. Na taɓa ganin irin wannan da idona a ƙaramin mataki. Wani da nake duba wa lissafi ya buɗe min kwali cike da riguna masu kyau, roba mai laushi, launi kala-kala. Ya ɗauko ɗaya ya cusa sabuwar wayar, ta shiga daram. Sai da ya juya bayanta muka ga bakin ramin kyamara ya hau kan fitila, bai fi kaurin ƙwayar ashana ba. Ya danna maɓallin ƙara sauti ta cikin rigar, shiru, maɓallin ya ɗan gusa ƙasa. Tsayi da faɗin da aka kwarmata duk daidai ne, zanen ne na matakin gwaji, aka gyara daga baya. Rigar waya ba ta da "kusan daidai". Wanda ya sayar masa kuma ya ce yadda aka ba shi awo haka ya yanka.

Wannan cacar ta manyan masu yin riguna ce. Suna yi da sani, domin in sun dace sau uku sun faɗi sau ɗaya, ribar makon farko ta rufe asarar. Kai da ni ba mu da wannan kafaɗar. Abin da za ka samu in ka dace shi ne rigaye na mako ɗaya ko biyu, daga nan kaya su cika ko'ina, farashi ya sauko. Abin da za ka rasa in ba ka dace ba shi ne uwar kuɗin gaba ɗaya, don ba mai sayen rigar wayar da babu ita a duniya. In dai sai ka shiga, to ka shiga da sharaɗi a rubuce: kafin alƙalami kaɗan, sauran kuɗi sai an sanar da wayar an gwada rigar a jikinta, in ba ta zauna ba a musanya ko a mayar maka. Mai kayan da ya ƙi wannan sharaɗi ya gaya maka iya yardarsa da awon da yake tallata maka. Kuma kada kuɗin ya wuce abin da in ya ɓace gobe ba zai hana ka biyan dila ba.

Wayoyinka 40 su suka fi damuna, musamman 20 ɗin bashi. A nan ba ka ma bukatar sanin ko hoton gaskiya ne. Kalanda ta fi mai kwarmato amana. Tun 2012 Apple a watan Satumba yake fitar da manyan wayoyinsa, in ban da 2020 da annobar korona ta tura shi Oktoba. Samsung ya saba fitar da jerin Galaxy S a watannin farko na shekara. Abin da yake biyo baya ma sananne ne: da iPhone 15 ta fito a Satumban 2023, Apple ya rage dala 100 a kan iPhone 14, daga 799 zuwa 699, ya kuma daina sayar da 14 Pro. Duk wanda ya cika shago da samfurin da ya kusa shekara, wata biyu kafin lokacin da kamfaninsa ya saba biki, ya san da wa ya yi alkawari. Dubi tarihin kamfanin wayarka na shekara uku, za ka ga watansa.

Ba na ba ka shawarar karyarwa ta firgici. Kada ganin hadari ya sa ka zubar da ruwan tulu. Tsohuwar waya ba ta mutuwa ranar da sabuwa ta fito, sauka take yi mataki ɗaya, kuma akwai masu saye da yawa da matakin nan suke jira. Abin yi shi ne ka raba kayan gida biyu. Na bashin ka fitar da su yanzu, ko da ribar ta zama siririya, ko ka haɗa da caja da gilashin kare fuska don ciniki ya faɗa ba tare da ka taɓa farashin da aka san ka da shi ba. Mu ce ribarka kashi 8 ce cikin 100, kuma bayan sanarwa farashi ya sauka da kashi 12. In ka sayar yau da ribar kashi 3 ka tsira da mutuncinka a wurin dila. In ka jira, daga aljihunka za ka cika masa. Kafin ma ka rage ko sisi, je ka same shi ka tambaya ko akwai tsarin da kamfani yake cike wa dillalai gibi in ya sauke farashi, domin wasu kamfanoni suna yi wa manyan dilolinsu haka, kuma ba kowane dila ne zai faɗa maka ba in ba ka tambaya ba. Sauran 20 da suke kuɗinka, ka bi da su a hankali, amma kada ka ƙara sari ko ɗaya har sai an yi sanarwa.

Akwai irin labarin da nake ɗauka da muhimmanci fiye da hoto: wanda zai sauya kayan haɗi. An fara raɗe-raɗin cire ramin abin sauraro na kunne tun ƙarshen 2015, ya tabbata da iPhone 7 a 2016. Komawa caja ta USB-C kuwa ba ta ma bukaci mai tsegumi ba, Tarayyar Turai ce ta yi doka a 2022 ta sa wa'adin ƙarshen 2024, Apple ya bi tun a 2023. Mai kwalayen tsohuwar igiyar caji ya sami shekara guda cur ta rage kaya a nitse. Idan labari ya fito daga bakuna daban-daban da ba su kwafi juna ba, ya daɗe bai sauya ba, sannan takardar wata hukuma ko doka ta goya masa baya, to ka fara gyara sarinka. Idan hoto ɗaya ne shafuka hamsin suke ta maimaitawa, shaida ɗaya gare ka, ba hamsin ba. Yanzu kuma da manhajojin ƙirƙirar hoto suka yawaita, yaro ma zai iya zana wayar da ba a taɓa ƙerawa ba kafin ya gama cajin tasa.

Kada kuma ka ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ake ruɗa. A watan Mayun 2007 shafin Engadget ya wallafa wata wasiƙar bogi da aka ce daga cikin Apple ta fito, wai an ɗage fitar da iPhone ta farko. Cikin 'yan mintuna darajar kamfanin a kasuwar hannun jari ta zube da kusan dala biliyan 4, kafin a ƙaryata ta farfaɗo. Waɗanda suka sayar a cikin mintunan nan ba wanda ya mayar musu. Har sanarwar kamfani ma ba kaya ba ce sai ta zama kwali: Apple ya nuna faifan caji na AirPower a dandalinsa a 2017, ya soke shi a Maris na 2019 ba tare da ya sayar da ko guda ba.

Masu cewa za su jira sabuwa, kada ka yi gardama da su, kada kuma ka rantse musu a kan farashi ko ranar da ba kai ka sa ba. Buɗe littafi ka rubuta sunansu da lambarsu, ka ce za ka kira su ranar da kaya suka sauka. Wanda yake da gaske zai yarda. Yawan sunayen da ka tara shi zai gaya maka guda nawa za ka saro a zubin farko, kuma ka sake kiransu ranar da aka faɗi farashin sabuwar, domin a cikinsu za ka sami masu ɗauke maka ragowar tsohuwar.