Ga mai son kai iyalinsa ƙauyukan Filato

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana so ka ɗauko iyali daga Abuja ku ga ƙauyukan Filato, kana tambayar lokacin da ya dace da wuraren zuwa. Na daɗe ina sarin dankalin Turawa tsakanin Jos da Bokkos, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Ku zo ƙarshen damina, Satumba ko Oktoba, lokacin ƙasa ta yi kore shar. Ku taho da rigunan sanyi, musamman na yara, domin Jos tana kan tudu kusan mita 1,200.

Ku yi sammako, ku bi ta Keffi da Akwanga. Wajen Hawan Kibo ku tsaya a Assop ku ga ruwa yana zubowa daga kan dutse. Da kun gama hawa sai Riyom, inda duwatsu ke ɗore kan juna kamar da hannu aka jera su. Har yau in na zo nan sai na ce Subhanallah.

Amma abin da ya fi kama zuciyata ƙauyukan ne. Gidaje a tsakanin duwatsu, gonakin acca, mata suna haƙar dankali da sanyin safiya. In kun shiga, a fara gaida mai gari, kada a ɗauki hoton kowa sai da izini. Ranar da na fara yin haka a wani ƙauye kusa da Vom, gwate aka kawo mini da zafinsa, aka haɗa ni da yaro ya zaga da ni.

Kududdufan da za ku gani birjik ramukan haƙar kuza ne na zamanin Turawa. Suna da kyau a ido, amma zurfinsu ya wuce tsammani. Don Allah kada yaro ya matsa kusa. A irin wannan haƙa aka tsinci gumakan yumɓu na wata al'ummar zamanin da, da ake kira Nok, a 1928, kuma kuna iya ganin wasu a gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952.

Maganar tsaro kuwa, ka kira wanda ka sani a can kafin ku tashi, ku tafi da ɗan gari, kuma ku koma masauki kafin magariba. Allah ya kai ku lafiya.