Zauren Anti: Saura sati shida in tafi Ingila, Hajiya ta rage magana

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na samu aiki a wani asibiti a Birmingham, biza ta fito, saura sati shida in tashi. Ni ce auta, mahaifinmu ya rasu, Hajiya tana Funtuwa tare da yayana da matarsa. Tun da na faɗa mata ranar tafiya ta rage magana, daga "Allah ya sa alheri" ba ta ƙarawa. Ga dangi a Zariya, Kano da Malumfashi kowa na jiran in je sallama, ga sayayya. Ta ina zan fara? Daga 'yar Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka. Dangi ki ba su kwana uku: ki bi ta Zariya ki shiga Kano, ki dawo ta Gwarzo ki tsaya Malumfashi. Wanda ba ki samu ba ki kira shi. Sauran kwanakin na Hajiya ne.

Abin da ya same ni ya sa nake matsa miki. Da zan tafi karatu Malesiya, satina na ƙarshe tsakanin Kantin Kwari da shagon tela ya ƙare. Kakata da ta raine ni yammaci ɗaya na ba ta, shi ma hankalina na kan akwati. Wata takwas da tafiyata aka bugo mini cewa Allah ya yi mata rasuwa. Har yau wannan yammacin yana yi mini ciwo.

Shirun Hajiya ba fushi ba ne. Iyayenmu da kawaici aka san su, ba za ta buɗe baki ta ce tana jin tafiyar autarta ba, tana tsoron kada ta karya miki zuciya. Don haka kada ki tsare ta da "Hajiya mu yi magana". Ki kwana a ɗakinta. Ki tsefe mata kai, ki yanke mata farce, ku tsince shinkafa tare, ki ce ta tsaya a kanki ki kaɗa miyar kuka yadda take yi. A nan maganar take fitowa da kanta. In ta fara labarin aurenta ko na Baba, ki nemi izininta ki naɗi muryarta a waya, har da addu'ar da take yi miki. A Disamba ƙarfe 4 na yamma rana take faɗuwa a can, ranar da kika dawo aiki cikin duhu da sanyi za ki nemi muryar nan.

Ki koya mata tura saƙon murya a WhatsApp, ta yi ta gwadawa a gabanki har hannunta ya saba. Ku tsayar da ranar waya, don aikin awa 12 ba zai bar ki kira kullum ba. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Ingila yana bayan namu da awa ɗaya, sauran watannin daidai muke.

Maganar kuɗi kuwa ku gama ta da Yaya tun kina nan: nawa ne na maganin Hajiya, wa zai riƙa kai ta asibiti. Kada ki yi wa kowa alkawari, farkon zuwa akwai kuɗin haya, ga jarrabawar OSCE, wato gwajin aikin jinya a aikace kafin a yi miki rajista a can, a gabanki. Matar Yaya kuma ki yi mata alheri na musamman ki gode mata, a hannunta za ki bar Hajiya.

Na san za ta yi miki dambun nama ta sayo kilishi da man shanu. Dokar Ingila ta hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, ƙwacewa za a yi. Kada ki hana ta yi, ku zauna ku ci tare, guzurin ya zama kuka, daddawa da yaji.

Neman gafara kada ki bar shi sai safiyar tafiya, mota na jira gida cike da mutane. Ana saura kwana biyu, bayan sallar Isha, ki ja ƙofa ki durƙusa gabanta ku biyu kaɗai. In ta yi kuka, ki bar ta ta yi.