Motata na mutuwa a silo bayan na tayar da ita

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2004, otomatik, 'yar Amurka. Wata biyu ke nan, in na tayar da ita da safe takan kama nan take, amma jim kaɗan sai ta fara kakkarwa, allurar juyin injin ta yi ƙasa, ta mutu. Ba kullum ba ne: wata rana lafiya lau, wata rana sai na tayar sau uku. In na ɗan taka totur ba ta mutuwa, a kan hanya kuwa ba ta da matsala. An canja fulogi, an wanke nozul, yanzu bakanike ya ce in sayi famfon mai. In saya? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Famfon da ya gaji yakan tona kansa ne lokacin da injin ke neman mai da yawa, wajen hawan tudu ko za ka wuce tirela. A silo kuwa, wato injin na aiki mota na tsaye ba a taka totur ba, ɗan mai kaɗan injin ke sha. Motar da ke gudu garau a titi, ta zo tana mutuwa a tsaye, ba famfo nake fara tuhuma ba. In bakaniken ya nace, ya ɗaura ma'auni ku gani tare: a wannan injin ƙarfin turin mai ya kamata ya tsaya tsakanin psi 44 da 50. In ya kai, an wanke famfo daga zargi.

Ni iska nake zargi, kuma kai da kanka ka ba ni hujja da ka ce in ka taka totur ba ta mutuwa. In ka ɗauke ƙafa, murfin da ke cikin maƙogwaron totur yakan rufe, injin ya koma numfashi ta wata 'yar siririyar hanya da ke kewaye murfin. Mai gadin wannan hanya shi ne bawul ɗin silo, wanda ake kira IAC, kuma kwamfutar motar, birenbos a bakin 'yan gareji, ita ke ba shi umarni. Da sanyin safiya tana buɗe shi sosai, shi ya sa allura ke haura juyi 1,200 a minti, sannan ta riƙa rage shi a hankali har ta zauna wajen 700 in injin ya ɗumama. To, shekara da shekaru tururin baƙin mai na haɗuwa da ƙurarmu yana danƙarewa a wurin kamar kwalta. Bawul ɗin sai ya riƙa cijewa: yau ya juya, gobe ya ƙi. Ranar da ya ƙi, iska ta gaza, injin ya shaƙe. Kai kuwa da ka taka totur babbar ƙofa ka buɗe masa.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Tana silo, kunna iyakwandishan. Lafiyayyar mota allurarta takan ɗan motsa ta tsaya, ko ta ɗan ɗaga. In ta faɗi har injin ya nemi mutuwa, zargin ya ƙara ƙarfi.

Maganin shi ne a wanke bawul ɗin, amma wankin ma akwai na gaskiya akwai na ganin ido. Da yawa sukan cire babban tiyo su fesa magani a bakin totur, su goge abin da ido ya gani, su ce an gama. Bawul ɗin yana ɗaure ne a ƙarƙashi, sai an kwance maƙogwaron gaba ɗaya an raba su, an wanke har ya riƙa juyawa ba tirjiya. A kiyaye ɓangaren wutarsa daga jiƙewa, a sa sabon gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe mahaɗar don kada iska ta ratsa, kuma a bi sukurorin a hankali don kansu ba ya da wuyar lalacewa. Wannan bayani na masu totur mai waya ne irin taka. Yawancin Corolla 'yan Amurka daga 2005 totur ɗinsu na lantarki ne, ba su da wannan bawul, murfin kansa ake wankewa.

Na biyu a zargina shi ne ɓarauniyar iska, wadda ke shiga injin ba tare da an auna ta ba. An san wannan injin da haka: gaskit ɗin roba da ke tsakanin bututun shigar iska da kan injin yakan bushe in ya tsufa, da sanyi ya tsuke ya bar kafa, in ya ji zafi ya kumbura ya toshe. Shi ya sa matsalar kan tsananta da hunturu, ta ɓace da hantsi, mai mota ya yi ta rantsuwa a gareji ana kallonsa kamar mai ƙarya. Lambar da na'urar binciken mota ke nunawa a nan ita ce P0171, wato iska ta rinjayi mai. A kuma lanƙwasa babban tiyon da ya taso daga tacen iska a duba cikin kwarmin, nan tsagewa ke ɓuya. Sansar da ke auna iska, wadda ke kusa da tacen, ita ma ƙura kan rufe siraran wayoyinta. Da maganinta na musamman ake fesa ta, ba da fetur ba, kuma ba a taɓa ta da hannu.

Sauran na wucewa ne. A duba kan batir da wayar da ke ɗaure a jikin mota. Batir mai lafiya na nuna wajen bolt 12.6 a kashe, tsakanin 13.5 da 14.5 in injin na aiki. Sansar karanshaf, wadda ke gaya wa kwamfuta juyin injin, ita ma kan kashe mota, amma ita farat ɗaya take yi kamar an murɗa makulli, galibi da zafi, ta kuma ƙi tashi sai ta huce. Motarka kuwa kakkarwa take yi kafin ta mutu, ba su yi kama ba.

Abu biyu nake roƙonka. Kada ka bari a cire kan batir kafin a jona na'urar bincike, don cire shi na goge lambobin da kwamfuta ta adana, kuma wasunsu suna nan ko fitilar gargaɗin injin ba ta kama ba. In P0505 ta fito, tsarin silo take nuna maka kai tsaye. Sannan kada ka yarda a ɗaure wayar totur don silo ya ɗaga. Dabara ce da ta yi yawa a garejinmu, motar za ta daina mutuwa, amma cutar na nan, shan mai ya ƙaru, giya ta riƙa fizga duk sanda ka saka. Kuma kar ka yi sakaci da ita a haka: in ta mutu tana gangarawa a mahaɗar hanya, sitiyari zai yi nauyi, birki ya taurare bayan taku ɗaya ko biyu.

Ka kai ta garejin da yamma ta kwana can, gobe da sassafe a tayar da ita na'ura na jone, kana tsaye.