Hukuncin Sare Itatuwan Harabar Masallaci Don Gina Shaguna

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, a harabar masallacinmu na Juma'a nan Jos akwai mangwaro shida da bishiyar turare biyu da iyayenmu suka dasa. Kwamiti na so ya sare su duka ya gina shaguna, kuɗin haya ya riƙa biyan ladan da wuta. Ɗayan turaren kuma ya karkato kan rufi. Ya halatta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, da ka tambaya tun gatari bai hau ba.

Sare itace don buƙata ba haramun ba ne a asalinsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya sa an sare dabinon da ke filin da aka gina masallacin Madina. Don haka turaren da ya karkato ku sauke shi kafin damina, lada ma za ku samu. A Sahihu Muslim akwai mutumin da aka gani yana walwala a Aljanna saboda bishiyar da ya sare daga hanya, wadda ke cutar da jama'a.

Sauran bakwai ɗin hukuncinsu daban. Filin masallaci waƙafi ne, abin da aka dasa a cikinsa na jama'a ne, kwamiti kuwa wakili ne, ba mai kaya ba. Wakili ba ya taɓa amana sai da maslahar da ta rinjayi ɓarnar da za ta biyo baya. A Madina masallacin ne kansa ke buƙatar filin. Ku haya kuke nema, kuma tana samuwa ta wata hanya. Abu Dawud ya kawo hadisin narko a kan mai sare magarya, ya fassara shi da wadda matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta, a sare ta bisa zalunci. Ka duba ranar Juma'a, su wa ke shimfiɗa darduma gindin mangwaron nan? Talakan da bai samu sahun ciki ba, da tsohon da ba ya jure rana.

Kada kuma a raina cutarwar. Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, shi ya sa aka san ta da sanyi, amma duk wanda ya girma a nan ya san zafin watan Maris na yanzu ya fi na ƙuruciyarmu. Kwano da siminti suna shan rana su riƙa amayar da zafi har dare. Bishiya tana tare rana, ganyenta na fitar da danshi, saiwarta na riƙe ƙasa ruwan sama ya nutse maimakon ya kwarara gidan maƙwabci. Mutanen Rikkos da Gangare ba su manta ambaliyar Yulin 2012 ba, da gawawwakin da aka riƙa tsamowa. Ban ce rashin itace kaɗai ya jawo ta ba, amma duk filin da aka mamaye da siminti ƙarin ruwa ne ga masu zama a gangare. Manzon Allah (SAW) ya ce: "La darara wa la dirar", babu cuta babu cutarwa, kamar yadda Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne masu dashen. Hadisin Anas ya tabbatar cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci, sadaka ce gare shi. Iyayenku na kabari, yaran Islamiyya na tsintar mangwaronsu, ladan na isa gare su. Da wane ido za ku yanke musu wannan?

Saboda haka bai halatta a sare lafiyayyun itatuwan nan don shaguna ba. Ku kira mai zanen gini ya jera shagunan a jikin katanga ta bakin titi, ko da adadinsu ya ragu, a rage rassan da suka tokare. A gurbin turaren ku dasa biyu ko uku nesa da gini, a ɗora wa wani ban ruwansu har su kama.

Wallahu a'alam.